Abin Da Na Gani A Ledar Magungunan Hajiya

Duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya shigo, abin da nake fara yi shi ne sayen maganin hawan jinin mahaifiyata in kai mata gida a Badarawa. Shekara shida ina yin haka, ina ganin na sauke nauyin da ke kaina. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar ko ana shan maganin ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga gaishe ta, sai na tarar ƙafafunta sun kumbura, tana kukan jiri. Na ce a miƙo mini ledar magungunanta. A ciki na iske katunan amlodipine na wata uku, ba a ɓalli ko ƙwaya ɗaya ba. A gefe kuma ga wasu ƙwayoyi ja da fari da ruwan ɗorawa, an ƙulle su a 'yar leda, babu suna babu kwali. Haɗin ciwon gwiwa ne da jikanta yake karɓo mata a wani kemis na bayan layi.

Na ce, "Hajiya, me ya sa aka daina shan na asibiti?"

Ta ce, "To ai na warke, kan ya daina ciwo. Wannan kuwa sai na sha nake iya sujada."

Amsar nan ta kashe mini jiki, domin akwai hankali a cikinta. Maganin da ya ɗauke mata zogi nan take shi ta yarda da shi, wanda ba ta jin aikinsa kuwa ta ajiye. Washegari likita ya duba haɗin ya ga akwai diclofenac a ciki. Ya bayyana mana cewa shi da danginsa irin su ibuprofen suna tara ruwa a jiki, suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama, kuma lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa. Gwaji ya nuna ƙodarta ta fara taɓuwa, amma Allah Ya sa an gano da wuri.

Ba Hajiya kaɗai ba ce. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka umarce su. A wurinmu ga tsadar magani, ga dogon layi a asibiti, ga mai kemis a bakin ƙofa wanda zai saurare ka, har ya ba ka bashi. Ban ɗora masa laifin duka ba, ko da yake ya kamata ya tambayi wa zai sha da kuma ciwon da yake fama da shi kafin ya haɗa. Kaso mafi girma nawa ne. A aji nakan hana ɗalibai karɓar magana ba bincike, amma a gidanmu na mayar da kula da uwa sayen magani kawai.

Yanzu duk Juma'a nakan ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in auna jininta da na'urar da na saya, kuma likita ya sauya mata maganin gwiwa. Mai karatu, idan kana da tsoho mai hawan jini ko ciwon suga a gida, ka buɗe ledarsa a wannan makon, ka kai wa likita duk abin da ka samu a ciki.