Takardar lauya da shekarar da ke bayanta

Mu malamai da iyaye, da zarar yaro ya riƙo takardar digiri sai mu ce tafiya ta ƙare. A aikin lauya kuwa takarda bakin ƙofa kawai take kai mutum. Sai wani babban lauya ya yarda ya ɗauke shi koyon aiki, abin da muke ce wa staj, kafin ya shiga ciki. Shekara uku ke nan ina bin wannan magana ta dalilin ɗan yayata, wanda iyayensa suka daɗe zaune a Ingila, can ya yi karatunsa duka. Burinsa ya zama barista mai tsaya wa waɗanda ake tuhuma da laifi.

A Ingila lauya iri biyu ne. Akwai wanda ke karɓar mutane a ofis yana shirya takardu, akwai kuma barista, wanda aikinsa tsayuwa gaban alƙali. Mai son zama barista sai ya gama digiri, ya yi kwas na musamman, ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi huɗu na Landan: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple. Ƙungiyar ce ke ba shi sunan barista. Amma sunan bai ba shi ikon kare kowa ba sai ya yi staj na wata 12. Wata shida na farko yana bin maigidansa kotu, yana kallo, yana rubutu. A wata shida na biyu ne ake barinsa ya miƙe ya yi magana da bakinsa.

Nan gizo ke saƙa. Masu neman wannan gurbi dubbai ne kowace shekara, guraben kuwa ɗarurruwa. Ana ajiye takardu a farkon shekara, amsa ta fito a watan Mayu. Wanda kuma ya shekara biyar da gama kwas bai fara staj ba, a ƙa'ida kwas ɗinsa ya tsufa. Yaron nan ya nema sau biyu. A karo na biyu ya kai har ganawar ƙarshe a wuri ɗaya, aka ɗauki wani. Da muka yi waya ya ce mini: "Kawu, ba su ce ban iya ba. Mutum ɗaya kuɗinsu zai ɗauka."

Gaskiya ya faɗa. Yawancin baristoci ba su da albashi, kowa kansa yake yi wa aiki. Suna haɗuwa ne a zaure ɗaya su raba kuɗin haya da na magatakarda, kuma daga aljihunsu ake biyan ɗan staj. Hukumar da ke kula da sana'ar ta kafa mafi ƙarancin abin da za a ba shi. A 2019 fam 18,436 ne a shekara a Landan, fam 15,728 a sauran garuruwa, ana kuma ƙarawa gwargwadon tsadar rayuwa. Zauren da ke shari'ar manyan kamfanoni yana iya ba ɗan staj fam 70,000 ko fiye. Zauren da ke kare masu laifi kuwa yawancin kuɗinsa daga asusun gwamnati na taimakon marasa hali yake zuwa, kaɗan ne, kuma sai an gama shari'a ake biya. Wanda ba ya ƙoshi da wuya ya ɗauki yaron shago. Shi ya sa ƙungiyoyin nan huɗu suka kafa tsarin biyan rabin kuɗin ƙarin ɗan staj a irin waɗannan zaurukan.

A watan Satumba na 2022 baristocin shari'ar laifi suka shiga yajin aikin sai baba ta gani, suka koma a Oktoba bayan an ƙara musu kashi 15 cikin 100. Duk da haka, a 2024 shari'o'in da ke jiran a saurare su a manyan kotunan laifi sun haura 70,000. Wasu ana ɗage su ne don babu lauyan da zai tsaya. Bayan kowace ɗagewa akwai mutum a gidan kaso da ba a tabbatar da laifinsa ba, akwai kuma wanda aka cuta yana jiran hukunci.

Tsarinmu na Nijar daga Faransa ya samo asali, ba mu da rabe-raben nan na Ingila, amma ƙofar iri ɗaya ce. A ƙasashen UEMOA staj na lauya shekara uku ne, kuma sai wani ofishin lauya ya karɓi mutum. Ofisoshin nan kusan duka a Yamai suke. Shi ya sa a jihohi ake naɗa mutanen da ba lauyoyi ba, har da malaman makaranta, su kare talakan da ake tuhuma. Ina girmama abokan aikinmu da ke ɗaukar wannan nauyi, amma yaron da aka kama a Tawa ko Damagaram ya cancanci wanda ya koyi aikin a hannun gwani.

Ɗan yayata yanzu yana aiki a ofishin wani lauya yana tattara takardun shari'a, zai sake nema a Janairu. Na ce wa yayata kada ta matsa masa ya koma shari'ar kamfanoni don kuɗi, amma su zauna su lissafa shekarun da suka rage masa da abin da gida zai iya ɗauka.

Ga malamin da ke da ɗalibi mai kaifin baki da son gaskiya, shawarata ita ce a gaya masa hanyar duka tun yana lise. A kai shi kotu ya zauna ya saurara, tunda yawancin zaman shari'a a buɗe yake ga jama'a. A haɗa shi da wani lauya tun kafin ya gama jami'a. Iyaye kuma idan za su yi lissafin kuɗin karatu, su sa shekarun staj a ciki, don lokacin ne yaro ya fi buƙatar tallafi alhali kowa na ganin ya gama. Lauyoyin da Allah ya ɗaukaka daga Maraɗi da sauran jihohinmu, su ma wani ne ya buɗe musu ofishinsa, muna roƙonsu su buɗe wa na baya.