Injiniya a Bakin Daji: Ziyara Zuwa Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

In ka baro Funtuwa ka kama hanyar Gusau, ba za ka jima ba sai ga ka a ƙasar Faskari. Mairuwa za ka fara tararwa, inda dam ɗin da ke shayar da Funtuwa yake, sannan Sheme mai babbar kasuwar dabbobi. A nan hanya ta rabu: ɗaya ta miƙe 'Yankara, ɗaya ta karkata zuwa Ƙanƙara. Ƙasa ce mai albarkar noma, masara da dawa da waken suya ko'ina ka waiga, ga duwatsu jefi-jefi. Ni kuwa injiniyoyi na zo gani, masu ruwa da masu hanya da masu kula da turakun waya, don in ji yadda rai yake ga mai irin wannan aiki a bakin daji.

A wani ƙauye kusa da Faskari na iske ɗaya daga cikinsu a gindin tankin rijiyar burtsatse mai aiki da sola, wadda ta yi watanni ba ta kawo ruwa. Shi da yaransa biyu suna zaro bututu ɗaya bayan ɗaya har famfon ya fito, yashi ya cinye shi. Suka sauya, ya goge ƙurar gilasan sola da tsumma, ya haɗa waya, sannan ya kara kunne a jikin bututun yana saurare. Da ruwa ya fara zuba cikin tanki, yara suka ruga gida ɗauko jarkoki. Wata gyatuma ta tsaya tana ta sa masa albarka, tana kiransa ɗanta. Na dubi fuskarsa a lokacin, na gane abin da ke riƙe da shi a wannan aiki duk da albashin bai taka kara ya karya ba. Jin daɗin injiniya shi ne ya ga abin da ya tsara yana aiki, mutane na mora.

To, wannan ganin da ido shi ne rashin tsaro ya ƙwace musu. Kafin a fita duba aiki sai an bugi waya an tambayi lafiyar hanya. Ba a shiga motar da ke da tambarin ofis, hular kwano a jaka take, kuma da la'asar ta kawo jiki sai a tattara kaya, ko an gama ko ba a gama ba. Uwargida na gida, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji sallama. Abin da ya fi ci musu rai shi ne duba aiki ta hoton WhatsApp. Hoto ba ya nuna kaurin rodin da aka binne a kwalbati, ba ya faɗin buhun siminti nawa aka kwaɓa. Damina na zuwa ruwa ya tafi da aikin, sunan injiniya ne zai ɓaci, ɗan kwangila ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Masu aikin sadarwa ba su manta 2021 ba. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Wanda aikinsa kullum ya tabbatar turke bai mutu ba, shi aka ce ya kashe shi.

Ƙanƙara gari ne mai arzikin farar ƙasa, irin wadda ake yin tangaran da fenti da ita, amma yawanci ɗanya ake lodinta a kai wasu wurare. Na tsaya a ƙofar Makarantar Sakandaren Kimiyya, inda aka sace ɗalibai ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. Daga irin wannan makaranta injiniyoyin gobe ke fitowa, kuma ɗan gari ne zai iya zama ya kafa masana'antar da za ta sarrafa wannan farar ƙasa a gida. Duk uban da ya cire ɗansa daga makarantar kwana saboda tsoro, ba mai ganin laifinsa, amma asara ce babba ga yankin.

A Sabuwa, can iyaka da Birnin Gwari ta hanyar Dandume, ban daɗe ba. Zancen ɗaya ne: ma'aikaci ya shigo da hantsi, ya fice kafin rana ta yi sanyi.

Ina kira ga gwamnatin Katsina da Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya da hukumar COREN mai sa ido kan aikin injiniya: duk injiniyan da za a tura waɗannan garuruwa a yi masa inshorar rai, a biya shi alawus ɗin haɗari a kan kari, a kuma haɗa shi da jami'an tsaro ranar zuba kankare, domin ya tsaya a kan aikinsa da ƙafarsa.