Iyafis Ɗina da Kunnen Kakana

Duk wanda muke ɗakin kwana ɗaya da shi ya san ni da son sauraro. Amma da yake dokar makaranta ta hana riƙe waya, sai an tafi hutu nake fanshewa. Ina isa gida, kafin in kwance akwati, na ari wayar yayana na toshe kunne.

Shekara biyu ina fama da iyafis na 'yan talla, irin wanda ake rataye wa a katako a tashar mota. Arha gare shi, amma Hausawa sun ce arha ba ta ado. Mako biyu ko uku sai kunne ɗaya ya mutu, ka kama murɗa wayar kana neman inda za ta kama, in ta kama ka daskare kamar gunki don kada ta kuɓuce. Na lissafa, guda bakwai na saya. Ga shi kuma ba ya tare hayaniya. In janareton maƙwabta ya tashi, ba dabara sai in ƙure murya.

A dogon hutun da ya wuce na yi aikin awo a shagon hatsin kawuna, na tara N18,000. Kuɗin nan na takalmin makaranta ne da garin kwaki da sukari, haka muka yi da Inna. Ran nan na raka yayana kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wani abokinsa mai shago ya ce in gwada wani iyafis. Irin wanda ke shiga can cikin ramin kunne ne, mai 'yar roba a baki, wayarsa kuma ana zagaya ta ta bayan kunne, kamar yadda mawaƙa ke yi in sun hau dandamali. Ya ce akwai na dubu ɗari uku, har da wanda ya fi haka, wanda ake auna kunnen mutum a ƙera masa nasa shi kaɗai. Na ce a kai kasuwa. Nawa shi ne ƙaramin cikinsu.

Kai, jama'a! Da na sa shi sai kasuwar nan ta yi tsit, kamar an rufe mini ƙofa. Ya kunna mini waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata wadda na ji ta fi sau ɗari. Ashe ban taɓa jin ta ba. Da can kiɗan dunƙule yake zuwa mini, yau sai ga kalangu daban, ga 'yan amshi daban, har numfashin da Shata ke ja kafin ya ɗauko baiti ina ji. Na duba wayar, muryar ko rabi ba ta kai ba. Ban san lokacin da na miƙa kuɗin takalmi ba.

Abin da Inna ta ce da na koma gida ba sai na rubuta shi a mujalla ba. Wanda ya ga takalmina mai faci biyu a wajen taron safe, to yanzu ya san dalili.

Malaminmu na Fiziks ya taɓa koya mana cewa sauti girgizar iska ne, kuma kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. A cikin iyafis akwai ɗan maganaɗisu, da zaren tagulla a naɗe, da wata 'yar fata siririya mai rawa kamar fatar ganga. Na masu tsada sukan haɗa irin waɗannan 'yan injuna biyu ko uku ko fiye a kunne ɗaya, wannan ya ɗauki kauri, wancan ya ɗauki siriri. Amma ni abin da na gano da kaina shi ne rabin daɗin yana ga 'yar robar nan. Iri uku ta zo a kwali. Da na sa ƙaramar, iska ta sami hanya, kaurin kiɗan ya gudu, sai ka ce na tasha. Da na mai da matsakaiciyar, komai ya dawo.

Akwai kakana, mahaifin Baba, wanda ya yi shekara da shekaru yana aiki a masaƙa, cikin rurin injuna tun safe har yamma. Yau in za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya. Shi kuwa mutumin Shata ne ƙwarai, ya sha gaya mana yadda ya je kallonsa tun yana saurayi. Da yamma na tarar da shi a zaure a kan buzu, na durƙusa na ce, "Kaka, yau na kawo maka mutuminka." Ya ce, "Ja'iri, me kuma ka sato?" Na goge robar, na sa masa a hankali, na kunna.

Ya yi shiru yana kaɗa kai. Can ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya ce in ƙara dai. Sai da na kai ƙarshe, har ni da ke gefe ina ji. Ya ce, "Ganga kam ina jin ta. Amma me yake cewa?"

Jikina ya yi sanyi. Da muka dawo makaranta na tambayi malamin nan, ya zana mini kunne a allo. Bayan dodon kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, cikinsa 'yan ƙananan gasu ne dubbai, su ke mai da girgiza saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masu jin siririn sauti su ke fara tafiya, shi ya sa Kaka ke jin ganga amma kalmomi suna ɓace masa. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce sa'a 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80, in ya kai 90 kuwa sa'a 4 kacal. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata kunnensu ta wannan hanya. Na tuna darare nawa na kwana da na tasha a ƙure, na tashi kunnena yana ƙugi kamar sauro ya shiga.

Iyafis ɗin yana gida cikin kwanon Inna, ta ce ba zan gan shi ba sai na kawo sakamako mai kyau. Ran da zan taho na je sallama da Kaka, ya kama hannuna ya ce in na dawo hutu mu sake kunna waƙar nan, shi ya riƙa jin ganga, ni in zauna kusa da kunnensa na dama ina gaya masa baitocin.