Gidan Haya a Cikin Wayata

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san abin da ya yi da wata takwas ɗin nan na 2022, watau daga Fabrairu zuwa Oktoba, sa'ad da malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki. Wani ya koyi ɗinki, wani ya ja a-daidaita-sahu, wani kuwa barci ya sha har ya yi kumatu. Ni tallar gidaje na yi.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana dillancin filaye da gidaje a Kano. Ofishinsa benci ne a gindin darbejiya, littafin ajiyarsa kuwa ƙwaƙwalwarsa. Da ya lura samarin dillalai na ƙwace masa ciniki ta Facebook da WhatsApp, sai ya aika aka kira ni. Ya ce, "Kai ɗan boko, tun da an ce Hausa kake karantawa, ai bakinka ya iya magana. Zo ka riƙa ɗaukar mini gidaje a waya kana yi musu kirari." Na ce, "To, Kawu." Zaman banza ya riga ya ishe ni.

Ban jima ba na gane aikin yana da nasa ƙa'idoji. Da hantsi ake ɗauka, lokacin da haske ya cika tsakar gida. Daga bakin titi ake farawa, a nuna kwalta in akwai, a nuna turakun lantarki, sa'an nan a shiga. In gidan yana da famfo sai a murɗa shi mai kallo ya ga ruwa da idonsa. In ɗaki ƙarami ne sai a tsaya a kusurwa a buɗe madubin waya, nan da nan ya koma kamar filin Idi. A lokacin daƙiƙa 30 kawai WhatsApp ke bari a ɗora a kan sitatus, saboda haka ala tilas a faɗi unguwa da yawan ɗakuna da irin takarda kafin numfashi ya ƙare. Maganar takarda ba ta wasa ba ce, domin tun dokar ƙasa ta 1978 filaye suna hannun gwamna ne, kuma mai kuɗi yakan fara tambaya ko gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ko kuwa takardar ciniki ce kurum mai sa hannun mai unguwa.

Wajen murya kuwa, malamaina su yi mini afuwa, abin da suka koya mini a darasin adabin baka na kwasa. Kambamawa da zuga da ƙarangiya, duk na zuba. Yarinya mai tallar goro da ni sana'armu ɗaya, sai dai ita farantinta a ka, nawa a tafin hannu.

Gidan da ya sa na ɗauki alƙalami yana can cikin Ɗorayi. Gidan haya ne mai sassa shida, kowane ciki da falo, da rijiya ɗaya a tsakiya da banɗaki biyu. Mai shi ya rasu, magada sun yi yawa, ba yadda za a yanka gidan kowa ya sami abin zama, sai aka ce a sayar a raba kuɗi. A hanya Kawu ya yi mini karatun da ba a yi mana a aji ba. Ya ce, "Yaro, mai sayen irin wannan gida ba ɗaki yake saye ba, kuɗin haya yake saye. Zai tara abin da sassan nan shida ke kawowa a shekara, ya duba shekara nawa zai yi kafin kuɗinsa su dawo. Shi za ka faɗa masa an cika gida da masu biya a kan kari. Akwai kuma wanda ba ya son ya tarar da kowa. Shi za ka ce masa a share za a miƙa." Watau murya biyu zan ɗora a kan hoto ɗaya. A lokacin dabarar ta burge ni ƙwarai.

A jikin ƙofar zaure an rubuta "Ba Shiga" da gawayi. Muka yi sallama, yaro ya shiga ya ce za a shigo, muka ji ana ta jan labule. Da muka shiga tsakar gidan ba kowa, amma ga alamun mutane ko'ina: tukunya a kan murhu, allo jingine da bango, takalman yara birjik, shanya cike da igiya. Kawu ya sa aka kwashe shanyar, wai tana rage wa gida daraja. Ina cikin ɗauka sai wata tsohuwa ta fito daga sashen ƙurya da ludayi a hannu. Ita ce mai ƙosan ƙofar gidan. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta dubi wayar, ta dube ni.

Ta ce, "Ɗan nan, sayar da mu za a yi?"

Na ce, "A'a Inna, gidan dai."

Ta ce, "To, ai mu ne a ciki." Ta koma wajen kaskonta.

Daren nan na zauna gyaran bidiyon. Na yanke inda ta fito, na yanke kukan wani jariri, na yanke bangon gabas inda damina ta bar zane tun daga sama har ƙasa. Wannan na ƙarshe ya dame ni, domin kowa ya san ɓoye aibin haja haramun ne a ciniki. Da safe na gaya wa Kawu, ya ce a mayar da bangon, ba zai ci haram a kan tsagar da buhun siminti biyu zai toshe ba. Na mayar. Amma ban tambaye shi hukuncin yanke tsohuwar ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Ita ba aibi ba ce, ba kuma haja ba ce, saboda haka ba mu san babin da za mu sa ta ba.

Bidiyon ya yi yawo fiye da zatona. Kafin mako biyu wani Alhaji mazaunin Abuja, wanda bai taɓa taka unguwar ba, ya kira. Murya ta biyu ya ji. Ya turo ƙanensa ya zaga gidan sau ɗaya, aka yi tayi, magada suka ce albarka, aka ƙara, suka sallama. Aka ba da kafin alƙalami a gaban mai unguwa. Kawu ya karɓi la'adarsa ya yaga mini wani abu, kuma ba zan ɓoye muku ba, da kuɗin nan na yi rajista da aka koma makaranta. Da su na sayi ƙamusun da ke kan teburina yanzu.

Za a iya cewa ba ni da laifi, ni ma na sha faɗa wa kaina haka. Magada suna da hakki, kuma ko da ni ko ba ni gidan zai sayu. Amma na san muryar wa ta ce "a share za a miƙa", na kuma san sau nawa na maimaita ta har ta fita da daɗi.

Aka ba 'yan haya notis, aka jira kuɗin kowa ya ƙare. Bayan an janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin haya ya tashi ko'ina, ban san inda iyalan nan shida suka sami matsuguni ba. Sabon mai gida ya rushe sassan ya mai da su ƙananan ɗakuna, kowane da banɗakinsa, domin ɗalibai. Biyu daga cikin 'yan ajinmu a can suke zaune, suna kuma yabon wurin. Ran nan na raka ɗayansu, na tambayi mai shagon da ke kallon gidan ina Inna mai ƙosai. Ya ce wani jikanta ya zo da a-kori-kura ya kwashe ta da kayanta, ya ji an ce wajen Rimin Gado.

Kawu ya kira ni in ɗauki sababbin ɗakunan, na ce masa jarrabawa ta matso. Ya ce ba komai, ɗan maƙwabcinsa ya iya. Bidiyon farko, wanda ban yanke ba, yana nan a wayata. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙai. Wajen minti na uku ake jin tambayarta, hoton kuma ya karkace ya nuna ƙasa, domin a lokacin ina durƙushe.