Jirgin Kawu ya sake tafiya

Ina ɗan shekara goma kawuna, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga Faransa da ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, ƙirar Jouef, kamfanin da aka rufe masana'antarsa ta Champagnole a 2001. A nan Ngaundere, inda dogo ya iso tun 1974, jirgi ba baƙo ba ne, amma wanda aka rage sau 87, mai bin dogo mai faɗin milimita 16.5, ba mu taɓa gani ba. Malam, mahaifinmu, ya yarje mu kunna shi bayan karatun dare kaɗai.

Bara ɗana ya tono shi daga akwati, na yi masa alkawarin zai tashi. Tsohon dogon ya yi tsatsa, sai wani ɗan'uwa ya aiko da sabo. Da muka ɗora kan jirgin, ya yi tsalle, ya tsaya. Na ɗora laifin a kan inji, ashe inji lafiya lau yake.

Matsalar biyu ce. Ta farko, leɓen tsofaffin ƙafafun yana da zurfi, kamar yadda ake ƙera su a zamaninsu, sabon dogon kuwa gajere ne, don haka leɓen yake bugun gindinsa. Ta biyu, wutar volt 12 tana shigowa ta ƙarfen dogo ɗaya ta koma ta ɗayan, kuma ƙananan zaren ƙarfe masu gogar ƙafa ne suke kai ta ga inji. Nasa sun lanƙwashe, sun yi baƙi.

Na sa aka aiko ƙafafu masu gajeren leɓe. Kowace sanda tana da roba a gefe ɗaya, mai hana wutar dama haɗuwa da ta hagu. Garin gaggawa na juya sanda guda. Ina kunnawa, na'urar wuta ta yanke, yaron ya dube ni ya ce: "Baba, ka kashe shi?" Tambayar ta hana ni barci. Da safe na gano kuskurena, na gaya masa gaskiya cewa hannuna ne, na jera robobin gefe guda, na daidaita tazarar bayan ƙafafun kusan milimita 14 da rabi.

Sauran aikin a rumfar wani mai gyaran rediyo muka yi shi. Muka yanka siraran zaren tagulla, muka liƙa su da dalma, kowane yana taɓa bayan ƙafarsa, har ƙafafun da a da ba sa ɗaukar wuta. A nan haƙuri ya yi rana. In zaren ya matse, sai ya zama birki. In ya yi sako-sako, wuta ta ɗauke. Dattijon ya ce mini: "Ɗan Malam, taɓawa ake so, ba dannewa ba." Na tuna yadda nake tsawata wa yaron duk lokacin da ya miƙo hannu, sai na ba shi ɗan hantsakin ya lanƙwasa na ƙarshe da kansa.

Daren nan jirgin ya zagaya tabarma a hankali, bai tsaya ba. Yanzu duk Asabar shi yake goge ƙafafun da tsumma, kuma ba ya barin kowa ya juya masa sanda.