Amai Ba Dalilin Barin Asibiti Ba Ne

'Yar'uwa, Allah Ya raba ki da ganin ɗanki yana kakarin amai alhali babu komai a cikinsa. Ni na gani. Autana yana da shekara 6 aka gano kumburin da ya fito masa a muƙamuƙi ciwon daji ne, irin wanda likitoci ke kira Burkitt, aka fara sa masa maganin da ake ce wa kemo.

Zagayen farko ya kwana uku yana amai. Surukata ta ce, "Ku dawo min da jikana gida, maganin nan ya fi cutar." Wallahi saura ƙiris in yarda. Wata nas ce ta zaunar da ni, ta ce maganin yana taɓa hanji da wurin da ke tayar da amai a ƙwaƙwalwa, ba wai ciwon ne ya ci ƙarfinsa ba. Babban haɗari shi ne yanke magani a tsakiya.

Daga nan na koyi dabaru. Akwai maganin hana amai, irin su ondansetron, da ake bayarwa kamar minti 30 kafin kemo. Ki tambaya, kada ki ji nauyi. Wanda aka rubuta miki na gida kuma ki bayar a kan lokaci, ba sai aman ya taso ba.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini: kunu da ya huce, farar shinkafa, busasshen biskit. Na daina suya da girkin daddawa kusa da shi, don ƙamshi kaɗai kan tayar masa da zuciya. Kuskurena ɗaya, na ba shi ɗanwake, abincin da ya fi so, ranar kemo. Har yau ba ya son ganinsa.

Da tafiya ta yi nisa, warin asibiti kawai ya isa ya sa shi yunƙuri. Sai in rungume shi, in ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, har hankalinsa ya bar allurar.

In ya yi amai, ki ɗan saurara, sannan ki ba shi ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Amma in ruwa ya ƙi zama, ko fitsari ya ɗauke, ko kin ga jini, ko zafin jiki ya kai 38, ki nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Yau autana yana makaranta, alhamdulillah. Ki daure, 'yar'uwa, ki kai ƙarshen magani. Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.