Jiran Kirsimeti a Gyaɗi-Gyaɗi

'Yar'uwa, in kin taɓa bi ta Titin Zariya da asubar Disamba, kin san hazon da nake nufi. Daga gadar Dangi zuwa ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano, fitilun Adaidaita Sahu kawai ake hange, sai wutar masu ƙosai, sai 'yan jinya lulluɓe da bargo suna neman ruwan zafi a fulas. Lokacin nake komawa gida daga aikin dare.

Ni Kirista ce, 'yar Wusasa, shekara shida ke nan muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi. A unguwar nan ba za ki ga alamar Kirsimeti ba, ado da kiɗa sai Sabon Gari. Da farko abin ya dame ni. Yanzu kuwa na fi son hakan, don Lahadi huɗun da ke gaban 25 ga Disamba lokacin jira ne. A coci kowace Lahadi ana ƙara kunna kyandir ɗaya, muna tuna Maryamu da tsohon ciki a hanyar Baitalami, da yadda ta kwantar da jaririnta a komin dabbobi saboda rashin masauki.

Jira kuwa na san shi. Hannuna ya karɓi jarirai ba adadi a ɗakin haihuwa, amma shekara takwas da aure ban goya nawa ba. Akwai daren da nakan goge jaririn wata, in miƙa mata, in shiga banɗaki in yi kukana, sannan in wanke fuska in dawo in auna mata jini. Ke da kike karanta wannan da yaro a cinya, kada ki ji nauyi. Ina dai gaya miki yadda abin yake ne.

Ran Asabar na raka Inna, mahaifiyar mai gidan da muke haya, Kasuwar Tarauni sayen kayan miya. Musulma ce, da Babbar Sallah ita ke aiko mana da soyayyen nama. Tana cikin cinikin tattasai ta juyo ta ce, "'Yata, yaushe ne sallar taku?" Na ce bana ranar ina bakin aiki. Ta ce to zakaran da ta ware mana zai jira kashegari. Da muka hau Adaidaita ta dafa gwiwata, ta ce ita ma sai da ta shekara tara kafin ta samu ɗan farinta. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Gobe Lahadi za a kunna kyandir na uku. Daga asibiti zan wuce Sabon Gari, ko farin kayan ba zan cire ba.